Zumunta A Ƙafa Take, Har Da Ta Tsakaninki Da Allah

Wata takwas na yi ban ce wa Allah uffan ba, kuma ba wanda ya sani, har maigidana. Kowace Lahadi ina coci da yarana biyu, sun sha wanka, kayansu sun sha guga. Ranar taron Zumuntar Mata ina cikin masu fara zuwa, da zanen yunifom da ɗankwalina. In aka ce, "Sista, buɗe mana da addu'a," sai in miƙe in jero ta tiryan-tiryan, mata suna amsawa da "Amin". Amma da na koma gida na rufo ƙofar ɗaki, shi ke nan. Ba na ce masa komai, ba na kuma son in ji komai daga wurinsa.

Cikina na uku ne ya jawo. Yana wata bakwai, ranar wata Laraba, na ji shiru a marata. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha gaya wa mata a wajen awo cewa in motsin ɗa ya ragu, kada su jira gobe. Ban jira ba. A cikin mota na roƙi Allah irin roƙon da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Da aka ɗora mini na'urar hoton ciki, fuskar likita kawai na kalla na gane. Namiji ne. Ban ji kukansa ba.

Jama'a sun zo, sun yi mini kirki. Wannan ta kawo kunu, waccan ta kwashi wanki. Kowa ya ce sai haƙuri, ni kuma na ce na gode. Sai dai a zuciyata na riga na yanke shawara. Na roƙa an hana ni, to, na ɗauke ƙafa.

Ina rubuta wannan ne saboda na san ba ni kaɗai ba ce. Wata mutuwa ce ta raba ta da addu'a, wata halin miji, wata kuwa ba wani babban abu, gajiya ce kawai ta yau da gobe. Tana cikin coci tsundum, amma rabonta da ta yi magana da Allah ita kaɗai har ta manta.

Tsohuwar da ke kan tabarma

Wani dare ina aikin dare a ɗakin yara. An kwantar da wani yaro ɗan shekara uku da zazzaɓin cizon sauro, jininsa ya yi ƙasa sosai, ana yi masa ƙarin jini. Kakarsa ce ke jinyarsa, ta shimfiɗa tabarma a gefen gado. Wajen ƙarfe 3 na je auna zafin jikinsa da bugun zuciya, sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Mama, waya kike yi a daren nan?"

Ta ce, "A'a 'yata, da Baba nake."

"Baban yaron?"

Sai ta yi 'yar dariya. "Babanmu na sama. Ina gaya masa jinin nan ya kai rabi, kuɗin da na ranto kuma sun ƙare. Na ce masa ke ma ya duba ki, tun ɗazu kike hamma."

Ba ta durƙusa ba, ba ta rufe ido ba, ba ta canza murya ba. Yadda za ki leƙa ta katanga ki ba maƙwabciyarki labari, haka take yi da shi. Ina rubuta awon a kati sai ta jefo mini tambaya: "Ke fa, kina gaya masa naki?"

Na ce, "Ina zuwa coci, Mama."

Ta ce, "Ba coci na tambaye ki ba."

Ban san lokacin da na tsuguna a bakin tabarmarta na ba ta labarin ɗana ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ita tara ta haifa, ta binne uku. "Na yi masa faɗa, 'yata, faɗa mai yawa. Amma ban daina zuwa ƙofarsa ba. In kina fushi da mahaifinki, ai gidansa za ki je ki yi fushin."

Na tashi na shiga ɗakin da muke ajiye kayan aiki, na tura ƙofa. Addu'ata ta farko bayan wata takwas ba ta wuce wannan ba: "Ka bar ɗana ya mutu. Ina fushi da kai. Ban san me zan ƙara ba." Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Na share fuskata na koma na duba ƙarin ruwan gado na shida.

An sallami jikan tsohuwar bayan kwana biyar. A makon ne kuma muka rasa wata yarinya a gadon da ke kallon nasa, uwarta ma ba ta gaza wajen addu'a ba. Na faɗi wannan ne don kada wata ta ɗauka ina tallar wata dabarar samun biyan bukata. Abin da na koya a daren nan daban ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda ba kya zuwa wurinsa, ko uwa ɗaya kuke uba ɗaya, a hankali zai zama baƙo.

Hidima daban, sani daban

Mu iyaye mata mun iya hidima. Mu ne masu share coci, masu dafa abincin taro, masu zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Da za a cire Zumuntar Mata daga ikilisiyoyin Arewa, ko ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko Katolika, da an ga giɓi babba. Hidimar nan abu ne mai kyau. Amma ni shaida ce cewa ana iya yin ta duka ba tare da an zauna da mai gidan ba.

A Luka sura 10 akwai labarin Marta da 'yar'uwarta Maryamu. Yesu ya sauka a gidansu, Marta ta shiga ɗawainiya, Maryamu ta zauna tana sauraronsa. Da Marta ta kawo ƙara, Yesu bai raina girkinta ba, damuwarta ya taɓa, ya kuma ƙi tayar da Maryamu daga inda take. Na daɗe ina jin haushin labarin nan, don in kowa ya zauna, wa zai ɗora tukunya? Daga baya na lura da abin da Yahaya sura 11 ta nuna. Da ɗan'uwansu Li'azaru ya mutu, Marta ce ta fara fita ta tarye shi a hanya, ta gaya masa kai tsaye cewa da yana nan da hakan bai faru ba. Wato mai ɗawainiyar nan ta san shi sanin da har za ta iya faɗa masa abin da ke cinta. Shi kuma bai kore ta ba. A bakin kabarin ma har hawaye ya yi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yi mana yawa: miƙa addu'armu ga wasu. Yaro ya yi zazzaɓi, a kira Fasto. Miji ya canza, a nemi wani "mutumin Allah" a bayan gari, a sayo man shafawa. Neman a taya ki addu'a ba laifi ba ne, Littafi Mai Tsarki ma ya umarce mu mu yi wa juna. Amma Markus sura 15 ta ce a lokacin da Yesu ya mutu, labulen da ya raba wuri mafi tsarki na Haikali da sauran jama'a ya tsage tun daga sama har ƙasa. Abin da Kiristoci suka gaskata ke nan: ta wurin Almasihu ƙofa a buɗe take, ba a bukatar ɗan aike.

Kalmar da Yesu ya kira Allah da ita a lambun Getsamani, a harshensa na Aramaik, ita ce "Abba". Mu Hausawa ba ma bukatar a fassara mana. A gidaje da yawa haka yara ke kiran mahaifinsu. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa da Galatiyawa cewa Ruhu Mai Tsarki yana sa mu ma mu kira shi da wannan sunan. Sai ki tambayi kanki: 'yarki tana aiko maƙwabciya ne in tana son magana da babanta?

Ki fara da gaskiya

Abin da ya fi hana ni addu'a shi ne tunanin cewa sai na gyara zuciyata tukuna. Ina ganin ba daidai ba ne in zo da fushi, da hassada, da shakka. Sai na ci gaba da jiran ranar da zan zama mai tsabta. A asibiti mun san irin wannan. Mace za ta ɓoye gyambo a ƙarƙashin zani saboda kunya, sai ya ci ya kai ƙashi sannan a kawo ta. Ciwon da ba a buɗe ba, ba a iya wanke shi.

Ki duba Hannatu a 1 Sama'ila sura 1. Ba ta haihuwa, kishiyarta Feninna tana yi mata gori shekara da shekaru, mijinta Elkana yana sonta amma bai gane zafin ba. Ta je Shilo tana addu'a, leɓunanta na motsi, murya ba ta fita, har Eli firist ya zaci ta bugu. Ta gaya masa baƙin cikinta take zubawa a gaban Ubangiji. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta saki, tun kafin ta sami cikin Sama'ila. Halin da take ciki bai canza ba a ranar. Kayan ne ta sauke.

Littafin Zabura yana da surori 150, da yawa daga cikinsu kuka ne da ƙorafi. A Zabura 13, sau huɗu marubucin yana tambayar Allah tsawon lokacin da zai ci gaba da jira. Zabura 88 kuwa ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba a rufe ta da wata kalmar daɗi ba. Duk da haka an bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki. A watannin farko na dawowata, ita nake karantawa, don ita ce ta yi daidai da bakina.

Saboda haka in ba ki san ta inda za ki fara ba, ki fara da abin da yake akwai. "Ubangiji, na gaji." "Ban yafe wa uwar mijina ba." "Ina tsoron sakamakon gwajin nan." Da harshen da kike mafarki da shi, ko Hausa, ko yaren garinku. Ba sai kin ari muryar mai wa'azi ba.

Lokacin da babu shi

Ana yawan ce mana mu keɓe sa'a guda da asuba a wuri mai shiru. Markus sura 1 ta nuna Yesu kansa yana tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa don addu'a. Wadda ta sami hali, ta yi. Amma uwar da ke ɗaki ɗaya da yara huɗu, mai goyo yana tashi sau uku a dare, ga ɗiban ruwa, ga abincin makaranta, ina za ta samo sa'ar? Da yawa sukan gwada kwana uku, su kasa, su ji sun yi zunubi, su bari gaba ɗaya.

Wata abokiyar aikina Musulma ce ta koya mini wani abu ba da saninta ba. In asuba ta yi muna aiki, takan ce, "Sista, duba mini gado na huɗu, minti biyar." Ta gaji ko ba ta gaji ba, ranta a ɓace ko a sake, za ta je ta yi sallarta ta dawo. Ba ta jiran sai ta ji sha'awa. Na ce wa kaina, ni me nake jira?

Sai na ɗaura addu'a a jikin abubuwan da dole in yi su. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce wanke hannu da sabulu ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, ni kuwa ina wanke hannu sau ba adadi a kowane aiki. Yanzu in na tsaya a bakin famfo, nakan ambaci sunan yaron da zan taɓa. A cikin keke napep nakan yi wa maigidana. Lokacin da nake jiran ruwan koko ya tafasa, na yarana ne. Da dare kafin in kwanta nakan waiwayi ranar: ina na ga alherin Allah, ina na yi kuskure, me nake tsoro game da gobe.

Ashe ba ni na fara ba. A birnin Paris na Faransa an yi wani mutum da ake kira Ɗan'uwa Lorens, ya rasu a 1691. Tsohon soja ne mai ɗingishi, ya shiga gidan masu zaman zuhudu na Katolika aka sa shi aikin kicin, aikin da ba ya ma so. Shekara da shekaru yana girki da wanke-wanke, ya saba wa kansa yin magana da Allah a tsakiyar hayaniyar tukwane. Bayan mutuwarsa aka tattara wasiƙunsa da hirarrakinsa aka buga, har yau ana karanta su. Duk lokacin da na tuna da shi nakan ce, ashe madafi ma wurin sujada ne.

Sai maganar wayar da ke hannunki yanzu. Yawancinmu WhatsApp muke fara buɗewa kafin mu wanke ido. Tura saƙon "wanda ya ce Amin zai ga albarka" zuwa rukuni biyar ba ya maye gurbin kalma ɗaya da kika faɗa wa Allah da bakinki. Ni dokar da na sa wa kaina mai sauƙi ce: shi zan fara gaisarwa kafin kowa, ko da jimla biyu ce.

Sauraro

Zumuntar da mutum ɗaya ne kawai ke magana a cikinta ba ta nisa. Hanyar farko da Kirista ke jin Allah ita ce Littafi Mai Tsarki. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, bayan aikin shekaru na Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, da abokan aikinsa. Kakanninmu da yawa a cikinsa suka koyi karatun boko. Yau kuma yana cikin waya. Manhajar YouVersion tana da fassarar Hausa, akwai kuma na saurare ga wadda idonta ya gaji ko hannunta ke cikin wanki.

Kuskuren da na sha yi shi ne ɗaukar alkawarin karance shi duka daga watan Janairu, in maƙale a Littafin Firistoci kafin Maris. Yanzu ina ba da shawarar a fara da Markus. Ita ce mafi gajarta cikin Bisharu huɗu, surori 16 ne, labarin yana tafiya da sauri. Ki ɗauki labari ɗaya a rana, ko da aya biyar ce. Ki tambayi kanki abu uku: me wannan ya nuna mini game da halin Yesu, wace ce ni a cikin labarin, me zan yi dabam yau? Sai ki mayar masa da amsar a matsayin addu'a. Sannu-sannu ba ta hana zuwa.

A nan dole in sa hular aikina in ja kunne. Ba duk abin da ya faɗo a rai ko aka gani a mafarki ba ne muryar Allah. Na ga mata da aka kawo ranga-ranga saboda wani ya ce musu an yi masa wahayi su bar maganin hawan jini. Na ga yaro mai sikila da aka hana ƙarin jini. Duk muryar da ta ce ki jefar da maganinki, ko ki rabu da danginki, ko ki kawo kuɗi kafin Allah ya ji ki, ki auna ta da Littafi Mai Tsarki, ki kuma kai ta gaban dattijuwar da kika san rayuwarta. Luka da ya rubuta Bishara ta uku likita ne, Bulus ya ambaci hakan a Kolosiyawa sura 4. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Wani lokaci jiki ne ke magana

Akwai matan da ke zuwa suna kuka cewa Allah ya yashe su, ba sa jin komai in sun yi addu'a. In na zauna da su sai in tarar wata jininta ya yi ƙasa, wata ta yi wata huɗu ba ta yi barcin sa'a uku a jere ba, wata kuma ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 5 takan gamu da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin ciki ko a shekarar farko bayan haihuwa. Ɗan kuka da sauyin rai na kwanakin farko yakan wuce da kansa. Amma in baƙin ciki ya haura mako biyu, ba kya jin daɗin komai, ba kya iya ci ko barci, ko kina tunanin cutar da kanki ko jaririn, ki je asibiti ki faɗa. Ni ma sai da na ga likita bayan rasuwar ɗana, kuma na makara da zuwa.

Labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19 yana ƙarfafa ni a kan wannan. Ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake barci, aka sake ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb aka yi magana, ita ma ba a cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, a cikin wata 'yar murya mai taushi. Wanda ya halicci jikin nan ya san yana gajiya. Wata rana abin da ya fi kusa da ibada da za ki yi shi ne ki miƙa goyon ga kakarsa ki yi barci.

Inda ake gane ta

Ta yaya za ki san zumuntar nan tana girma? Ni ba a wurin hawaye lokacin waƙa na gane ba. A wurin matar ƙanin mijina na gane.

Tare muka ɗauki ciki, ita ta haifi nata lafiya a watan da ya kamata in haifi nawa. Ban je barka ba, ban je suna ba, na fake da aiki. In na hango ta a coci da goyo sai in canza layi. Da na koma yin magana da Allah, kullum sai fuskarta ta faɗo mini. Matiyu sura 5 ta koyar da cewa wanda ya kawo baiko ya tuna akwai wata matsala tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Na yi mako uku ina gardama da wannan. Ranar wata Asabar na sayi sabulu da 'yar riga na tafi. Na ce, "Amarya, ki yafe mini, kishi ne ya hana ni zuwa." Ta miƙo mini yaron. Na riƙe shi muka yi ta kuka mu biyu, shi kuwa yana ta jan ɗankunnena.

Haka ma a wurin aiki. A watannin shirun nan na zama mai tsawa ga masu jinya, musamman mata masu ciki. Yarinyar da ke taya ni aikin gida ta fi kowa shan wahalata. In kina so ki san inda kike da Allah, ki tambayi wadda ke wanke miki kwanuka.

Yara ma suna gani. Muna sujadar iyali da yamma, amma na lura abin da ya fi shiga zuciyarsu shi ne su ji ni ina gaya wa Allah gaskiya, su kuma ji na ce musu "ku yi haƙuri" in na yi musu ba daidai ba. Ga uwar da ɗanta ya girma ya juya wa coci baya kuwa, ki tuna da Monika, 'yar garin Tagaste a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ta yi shekaru tana kuka da addu'a a kan ɗanta Agustin. Sai a shekara ta 387, yana da shekara talatin da 'yan kai, aka yi masa baftisma a Milan ta Italiya, ita kuma ta rasu a shekarar. Shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman ikilisiya. Ba za ki iya ba ɗanki bangaskiyarki kamar gadon zani ba, amma za ki iya barin sa ya ga tana da rai.

Ki kuma nemi mace ɗaya, ba rukuni ba, wadda za ki iya ce wa "makon nan ban yi addu'a ba" ba tare da labarin ya zaga unguwa ba. Tawa wata gwauruwa ce da ta girme ni da shekara ashirin. Duk ranar Alhamis takan kira ni ta ce, "'Yata, kun gaisa da Baba kuwa?"

Har yau ban san dalilin da ya sa ɗana bai rayu ba. Na tambaya, ina kuma kan tambaya. Yesu ma a Getsamani ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba, kuma bai daina kiran Allah Abba ba. Akwai makonnin da addu'ata take kamar tauna ɓawon gyaɗa. Ina dai zuwa.

Kwanan baya 'yata ta fari, mai shekara takwas, ta same ni a madafi ina juya tuwo ina motsa baki. Ta ce, "Mama, da wa kike magana?" Na ce da Baba na sama. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To ki gaya masa gobe muna da jarrabawar lissafi."

Na ce, "Zo ki gaya masa da kanki. Yana ji."